Animoni a tankin gilashi: su wa za su iya maƙwabtaka da shi?

Tun da fim ɗin Finding Nemo ya fito a 2003, yara da manya suka san ɗan kifin nan mai launin ruwan lemo da fararen zane, wanda yake fakewa a cikin wani abu mai kama da fure a ƙarƙashin teku. Abin nan ba fure ba ne. Sunansa animoni, yana cikin dabbobi, yana da baki da ciki da ƙafa guda mai faɗi da yake manne wa dutse da ita. Ɗan'uwan murjani ne na kusa.

Bahaushe ya san murjani a wuyan amarya. Wancan jan dutsen ado ƙashin wata halittar teku ne, wadda aka fi samu a Bahar Rum. Wanda ake kiwo a tankin gilashi kuwa rayayye ne, yana ci, yana girma, yana kuma mutuwa idan an wulaƙanta shi. Masu wannan kiwo a Amurka da Turai da ƙasashen Larabawa sun daɗe suna fama da tambaya guda: wane murjani da waɗanne ƙananan halittu ne za su zauna lafiya da animoni a tanki ɗaya?

Amsar a taƙaice ita ce, babu murjanin da harbin animoni ba ya yi wa illa. Wani dai yakan jure ya farfaɗo, wani kuma ya mutu. Tushen matsalar kuwa shi ne animoni yana tafiya, murjani kuma inda aka ajiye shi nan zai tsaya. Saboda haka a nan an fi dogara da tsarin zama fiye da jerin sunaye.

Halin mai gidan

Yatsun animoni cike suke da ƙananan ƙwayoyin harbi masu dafi, da su yake kama abinci, da su yake kare kansa. A cikin namansa kuma akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda take sarrafa haske ta ba shi kaso mai yawa na abincinsa. Shi ya sa yake buƙatar fitila mai ƙarfi. Idan hasken bai yi masa ba, ko motsin ruwan ya dame shi, sai ya saki dutsen ya ja jiki, sau da yawa cikin dare. Duk murjanin da ya goga a hanya sai an ga tabo a jikinsa da safe.

Akwai nau'in animoni sama da 1,000, amma kimanin goma ne kawai suke saukar da kifin Nemo da danginsa. Wanda ya fi sauƙin kiwo shi ne Entacmaea quadricolor, mai kumburarren kan yatsu, da ake samu tun daga Bahar Maliya, har da gaɓar Sudan da Saudiyya, zuwa Japan da Ostireliya. Yakan kai santimita 30 a faɗi, yana son ramin dutse, kuma yakan rabe gida biyu a tanki, abin da ya sa ake samun wanda aka hayayyafa a hannu.

Nau'in Stichodactyla, da ake kwatantawa da darduma, wani labari ne daban. Jikinsa yana da danƙo, harbinsa yana da ƙarfi, yana haɗiye kifi da jatan lande, kuma wani daga cikinsu yakan kai mita guda a faɗi. Wanda ya zaɓe shi ya san cewa tankin nasa ne shi kaɗai, sauran 'yan haya ne da ke zaune a bakin haɗari.

Murjanin da ya fi jurewa

Murjani mai laushi, wato wanda ba ya gina ƙashi mai tauri, shi ya fi dacewa da mai farawa. Sarcophyton da Sinularia, masu jiki kamar fata, sukan tsuke idan an harbe su, bayan kwanaki su sake buɗewa. Discosoma da Rhodactis, masu siffar laima, da Xenia da Capnella suna yaɗuwa da sauri, don haka ko animoni ya ƙone wani gefe, sauran zai maye gurbin. Farashinsu ma ya fi sauƙi. Sai dai masu jikin fatar nan suna zuba wasu sinadarai a ruwa don danne maƙwabta. Maganin wannan shi ne gawayin tace ruwa na musamman da sauya wani kaso na ruwan a kai a kai.

Rukuni na biyu shi ne masu ƙashi da manyan baki, irin su Euphyllia da Galaxea. Waɗannan su ma mayaƙa ne. Da dare sukan miƙo dogayen yatsun harbi su kai wa na kusa da su hari, kuma na Galaxea sun shahara da tsawo. Idan suka haɗu da animoni kowa zai ji jiki. Ana iya ajiye su, amma da tazarar santimita 20 zuwa 30 daga inda yatsun animoni suke kaiwa idan ya buɗe gaba ɗaya.

Rukuni na uku, Acropora da Montipora, masu rassa da ƙananan baki, su ne suka fi shiga haɗari. Naman da ke kan ƙashinsu siriri ne, dare ɗaya na gogayya da animoni ya isa ya bar farin ƙashi a reshen da aka shekara ana reno. Gwanaye suna haɗa su, amma da sanin cewa wata rana za a iya yin asara. Haka ma babbar kawar nan ta Tridacna, harbi yana lalata mata leɓe.

Gargaɗi ga gida mai yara

Akwai wasu ƙananan halittu masu kama da maɓallai masu launi, Zoanthus da Palythoa, da ake yawan ba sabon shiga shawarar saye saboda juriyarsu. Gaskiya ne suna da juriya. Amma wasu daga cikinsu, musamman Palythoa, suna ɗauke da dafin falitoksin, ɗaya daga cikin mafi ƙarfin guba da aka sani a halittu, wanda masana suka fara warewa a Hawaii a 1971. A 2015 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton aƙalla mutum goma a jihar Alaska da ake zargin sun shaƙi dafin tsakanin 2012 da 2014, a gidaje da shagunan sayar da kifi.

Alamunsa sun haɗa da zazzaɓi, tari, ciwon jiki, ɗaci a baki da wahalar numfashi, kuma idan ya fantsama a ido yana iya yi masa mummunar illa. Ba shi da makari. Kada a taɓa su sai da safar hannu da tabarau, kada a goge dutsen da suke kai a wajen ruwa, kada kuma a zuba masa ruwan zafi, domin tururin ne yake ɗaukar dafin ya cika ɗaki. Wanda ya ji alamun bayan aikin tanki ya tafi asibiti nan take, ya faɗi abin da ya taɓa. Gidan da ƙananan yara suke kaiwa ga tanki gara ya haƙura da su.

Ƙananan ma'aikatan tanki

Katantanwa irin su Trochus da Turbo da Cerithium suna kankare gansakuka daga gilashi da duwatsu, Nassarius kuma yana tona yashi yana cinye ragowar abinci. Ba ruwansu da animoni. Ƙananan kaguwa masu aron kwanson katantanwa su ma suna da amfani, muddin an zuba musu kwanson da ba kowa a ciki, in ba haka ba za su kashe katantanwa don su gaji gidanta.

Akwai kuma waɗanda a teku ma tare da animoni suke zama. Kaguwar Neopetrolisthes, fara mai ɗigo-ɗigo, tana fakewa a jikinsa tana tace abinci daga ruwa. Ɗan jatan landen Thor amboinensis, wanda tsawonsa bai fi santimita biyu ba, yana yawo a gefensa yana kaɗa wutsiya. A sani dai cewa kifin Nemo yana kishin gidansa, kuma yakan kori irin waɗannan baƙi idan animonin ƙarami ne. Jatan landen Lysmata amboinensis, mai share wa kifi jiki, yana zama lafiya, sai dai ɓarawon abinci ne, yakan zare loma daga bakin animoni. A fara ba shi nasa rabon kafin a ciyar da mai gidan.

Waɗanda ya kamata a guje wa su ne tauraron teku mai ƙusoshi a baya, Protoreaster nodosus, da jatan lande mai doron raƙumi, Rhynchocinetes, da manyan kaguwa, domin suna cin murjani mai laushi ko su yage animoni. Jatan landen da ake saye don ya cinye Aiptasia, wani ƙaramin animoni mai addabar tanki kamar ciyawa a gona, idan ya ji yunwa yakan juya kan animonin da aka saya da tsada. Sannan duk maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe yana kashe waɗannan halittu baki ɗaya, ba a zuba shi a irin wannan tanki.

Yadda ake tsara zaman

Sannu ba ta hana zuwa. Tanki ya yi aƙalla wata shida yana aiki kafin animoni ya shigo, kuma girmansa ya kai lita 120 ko fiye. A fara sa animoni, a bar shi makonni ya zaɓi wurinsa da kansa, daga baya a jera murjani nesa da shi. Masu dabara sukan ware masa tarin dutse shi kaɗai kamar tsibiri, yashi ya kewaye shi. A bar murjani a kan ƙananan duwatsun da za a iya ɗagawa idan ya fara yawo, domin ɓamɓare shi da ƙarfi yana yaga masa ƙafa. A rufe bakin injin motsa ruwa da raga ko soso, saboda idan injin ya niƙe shi, ruwan zai gurɓace ya kashe har kifi.

Zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, gishiri a kan ma'auni 1.025 zuwa 1.026, kalsiyam kuma 400 zuwa 450. Tataccen ruwa ake haɗawa da gishirin teku na musamman, gishirin miya ba ya yi. Mai sha'awar gwadawa a Kano ko Yamai, inda zafin bazara yake haura digiri 40, sai ya tanadi injin sanyaya ruwa da wutar da ba ta ɗaukewa, domin zafi yana sa animoni da murjani su fitar da gansakukar jikinsu su yi fari, kuma 'yan sa'o'i ba motsin ruwa sun isa iska ta ƙare a tanki.

A tambayi mai sayarwa asalin kayansa. Duk murjani mai ƙashi da kawar Tridacna suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, sai da takarda ake ƙetare iyaka da su. Animoni a teku yakan rayu shekaru da dama, kuma duk wanda aka ciro an raba wasu kifaye da mafakarsu. Wanda aka hayayyafa a tanki ya fi jurewa, ya kuma bar teku da nata. In kuwa kifin Nemo ne kawai yara suke so, wanda aka ƙyanƙyashe a hannu yana rayuwa lafiya ba tare da animoni ba, kuma murjanin da ke tankin zai samu sakewa.