Lissafin shekarar farko a jami'a: Abin da ke jiran ɗaliban Garwa da yadda za su shirya masa

Da zarar sakamakon bakaloriya ya fito, hankalin iyaye a Garwa yakan koma kan kuɗin rajista da ɗakin haya da guzurin yaro. Sefa dubu 50 da ake biya duk shekara a jami'o'in gwamnatin Kamaru ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayar da goro ko ɗan acaɓa. Sai dai akwai wani shiri da ba a cika zancensa a zaure ba, alhali sau da yawa shi ke raba wanda zai wuce aji biyu da wanda zai maimaita shekara. Shi ne darasin lissafi na zangon farko, wanda a jadawalin fakulten kimiyya aka fi sani da Analiz.

A da, ɗan Garwa mai son karatun kimiyya sai ya yi kudu zuwa Jami'ar Ngaundere da aka kafa a 1993, ko ya yi arewa zuwa Jami'ar Marwa da aka kafa a 2008. A watan Janairun 2022 aka kafa Jami'ar Garwa, karatu ya matso ƙofar gida. Amma ko ina yaro ya je, in dai fanninsa kimiyya ne, ko injiniyanci, ko kwamfuta, ko tattalin arziki, lissafi na nan yana jiransa. Waɗanda ke tsallakawa Najeriya, Yola ko Mubi, su ma za su tarar da shi da sunan MTH 101 da MTH 102.

"Ai mun yi wannan a lise"

Babban tarkon darasin shi ne kamanninsa da abin da aka saba. Ɗalibin da ya fito daga ajin ƙarshe na lise, musamman ɗan rukunin C ko D, ya riga ya yi limit da deribe da entegiral. Idan ya ga sunayen a allo a makon farko, sai ya ce a ransa, to ai maimaici ne. Sai ya saki jiki. Kafin ya farga an yi mako biyar, malami ya yi nisa, shi kuma ko kan zaren bai kama ba.

Bambancin yana cikin tambayar. A lise ana cewa ka lissafa, ka kawo amsa. A jami'a ana cewa ka kawo hujja. Kowa ya san idan aka jera 1 da rabi da sulusi da rubu'i, aka yi ta tafiya haka, lambobin na gangarawa zuwa sifili. Malamin jami'a zai ce ka tabbatar. Hujjar kamar ciniki take. Wani ya yanka maka tazara komai ƙanƙantarta, misali ɗaya bisa dubu, kai kuma ka nuna masa gurbin da daga shi duk lambobin da suka biyo baya sun fi wannan tazarar kusa da sifili. A nan, daga ta 1001 ne. In ya rage tazarar, kai ma ka matsa gaba. Muddin ba zai taɓa kawo tazarar da za ta gagare ka ba, ka kafa hujja.

Ba abin kunya ba ne wannan ya ɗaure wa yaro kai. Newton na Ingila da Leibniz na Jamus sun gano wannan lissafi tun ƙarni na 17, amma sai a ƙarni na 19 masana irin su Cauchy, wanda ya fitar da littafinsa a Faransa a 1821, da Weierstrass suka tsara hujjojinsa yadda ake koyar da su yau. Abin da ya ci wa manya shekara sama da ɗari, shi ake so ɗalibi ya haɗiye cikin kusan wata huɗu.

Ga kuma batun harshe. Yaron da ke Hausa ko Fillanci a gida, da Faransanci zai rubuta hujja, kuma a wannan fage jeren kalmomi ma lissafi ne. "Kowace ƙofa tana da makullin da ke buɗe ta" daban, "akwai makulli ɗaya da ke buɗe kowace ƙofa" daban. Kalmomin kusan ɗaya ne, ma'anar ta yi hannun riga. Wanda ya juya su a takardar jarrabawa ya zubar da makin tambayar.

Mene ne amfaninsa?

Wanda ya taɓa bin hanyar Garwa zuwa Ngaundere, mai kusan kilomita 280, ya riga ya san deribe ko bai san sunansa ba. Idan mota ta yi tafiyar cikin awa 5, matsakaicin gudunta kilomita 56 ne a awa. Amma a shimfiɗaɗɗiyar hanya direba ya taka fiye da haka, a hawan dutsen Mbe kuwa da ƙyar take ja. Abin da allurar gudu ke nunawa a kowane ƙiftawar ido, shi ne deribe. Akwai ma ƙa'idar da za a koya a zangon nan mai cewa dole ne a wani lokaci cikin tafiyar allurar ta nuna 56 cif.

Entegiral kuma a duba madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai. Ruwan da ke shiga tafkin yana ƙaruwa da damina, yana raguwa da rani. Tattara wannan kwarara mai sauyawa don a san yawan ruwan da ya taru a wata guda, aikin entegiral ne. Da irin wannan lissafi injiniya ke sanin lokacin buɗe ƙofofin dam, mutanen da ke zaune a bakin kogi kuwa sun san abin da kuskure a nan ke jawowa.

Kafin a buɗe makaranta

Ba a fafe gora ranar tafiya. Makonnin da ke tsakanin fitowar sakamako da buɗe jami'a su ne na gyaran tushe. Galibin makin da ke zubewa a Analiz, a aljabarar ƙananan azuzuwa yake zubewa. Ɗalibi ya gwada kansa: shin tushen murabba'i na 9 a tara da 16, daidai yake da 3 a tara da 4? Amsar farko 5 ce, ta biyu 7. Duk wanda ya ɗan yi jim kafin ya amsa, to ya koma baya.

Abin da ya kamata a bi ba shi da yawa: sarrafa kasoshi da baka-biyu, warware rashin daidaito, ƙa'idojin logaritim, da'irar tirigonometiri, da zana fasalin fonkisiyon da hannu ba tare da na'ura ba. Awa biyu a rana na tsawon mako huɗu, da littafin lise da takardun bakaloriya na shekarun baya, sun isa su toshe ɓaraka mai yawa.

Idan zango ya kankama

A tsarin LMD da jami'o'in Kamaru ke bi, darasi yakan kasu biyu: lacca a babban ɗaki, da TD, inda ake warware tambayoyi a ƙananan rukuni. Mai zuwa TD don ya kwafi amsa daga allo yana yaudarar kansa ne. A karɓi takardar tambayoyin tun da wuri, a fafata da ita a ɗaki, ko da uku kawai aka iya cikin goma. Gyaran malami yana shiga ne a kan wanda ya riga ya sha wuya da tambayar.

A ranar da aka yi lacca, a ranar za a sake karanta ta. A rufe littafi, a rubuta ma'anar kowace kalma da ka, sannan a nemo misali ɗaya da ya cika sharaɗin da ɗaya da bai cika ba. Rukunin karatu kada ya wuce mutum huɗu, kuma kowa ya tashi ya yi bayani da bakinsa. Idan ka iya fassara wa abokinka hujja da Hausa har ya gane, to ka riƙe ta.

Kada a raina gwajin tsakiyar zango, wato CC. A rabon da aka fi sani, CC na ɗaukar kashi 30, jarrabawar ƙarshe kashi 70, kodayake kowa ya duba na fakultensa. Wanda ya ci 14 bisa 20 a CC, 8.5 ta ishe shi a jarrabawa ya haye 10. Wanda ya ci 6 kuwa sai ya nemo kusan 12. Dogaro da jarrabawar gyara ta ƙarshen shekara caca ce da kuɗin iyaye.

Lokacin karatu ma sai an zaɓa. A Maris da Afrilu zafin Garwa kan haura digiri 40, wuta kuma ba kullum take zama ba. Tambayoyi masu wuya a ajiye su zuwa bayan asuba, lokacin da gari ke da sanyi, kai kuma bai gaji ba.

Nauyin da ke kan iyaye

Jami'a a cikin gari alheri ce, amma tana da nata ƙalubalen. Yaron da ke kwana a gida, shi ake aike, shi ke jiran shago. Yarinya kuwa girki da wanke-wanke da renon ƙanne na jiranta. Uba ba sai ya san deribe ba kafin ya taimaka. Ya ware wa ɗansa ko 'yarsa awa biyu zuwa uku a rana da ba mai kiran su, ya sama musu fitila mai caji, sannan bayan mako shida ya tambaya, "Nawa ka ci a CC?" Amsar wannan tambaya a watan Nuwamba ko Disamba tana da magani. Idan aka bari sai an liƙa sakamakon zango, sai dai a fara lissafin wata dubu 50 ɗin.