Jarin Kasada: Me Ya Hana Shi Isa Rano da Kibiya?

A watan Oktoban 2020, kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, wanda matasa biyu suka kafa a Legas don biyan kuɗi ta intanet, a kan sama da dala miliyan 200. Waɗanda suka sa kuɗinsu tun kamfanin yana rarrafe sun kwashi riba ninki-ba-ninki. Abin da ake kira jarin kasada ke nan: mai kuɗi ya ba sabon kamfani jari, ya karɓi kaso a cikinsa. In ya bunƙasa an ci tare, in ya durƙushe kuɗin sun tafi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Malaman fiƙihu sun daɗe suna karantar da ƙirali, inda dukiya ta wani ce, wahala ta wani, a raba riba. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da irin wannan amana ya riƙa ba yaransa kuɗi suna sayo masa gyaɗa a ƙauyuka. Rano ma ba ta rasa manya ba: Alhaji Auwalu Abdullahi Rano ya gina kamfanin mai na A.A. Rano, sannan jiragen Rano Air suka fara tashi a 2023.

Abin sa jari kuma bai yi ƙaranci ba. Madatsar Tiga, da aka kammala a 1974, tana shayar da gonakin Kadawa, Kura da Bunkure. Manoman Rano da Kibiya suna fitar da masara, dawa da shinkafa.

To me ya sa kuɗin suke tsayawa a Legas? Na farko, rubutu. Matashin da ke da injin gyaran shinkafa yakan riƙe lissafinsa a ka, ba rajista, ba littafin shiga da fita, mai jari kuwa ba ya sayen abin da bai gani a takarda ba. Na biyu, mafita. Mai jarin kasada yana jiran shekara bakwai zuwa goma kafin ya sayar da kasonsa, alhali attajirin Kano ya saba ya sayi hatsi da kaka, ya sayar da bazara. Na uku, naira: bayan sakinta a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500, ribar masu zuwa da dala ta zagwanye.

Sakamakon a bayyane yake. Amfanin gona yana tafiya kasuwar Dawanau ɗanye, ribar sarrafawa ta faɗa hannun wasu. Matasa masu basira suna barin gida zuwa Kano da Abuja. Wanda ya tsaya kuma yana tsakanin bashin banki mai ruwa, da yake gudu saboda addini, da adashin da bai isa sayen inji ba.

Dokar sababbin kamfanoni da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Oktoban 2022 ta tanadi rangwamen haraji ga masu irin wannan jari. Ya rage ga attajiran Rano, Kibiya da Bunkure su haɗa asusu guda bisa ƙa'idar ƙirali, da yarjejeniya a rubuce da akanta mai bin diddigi, su fara da matasa masu sarrafa amfanin gona.