Wane wasa za ka kama?

Kai ɗan'uwa na Ɗan Barto, ka daɗe kana buga balo. Yanzu gwiwa ta fara yi maka ciwo, ko kuwa abokan wasa sun tafi cin rani. Kana son ka sake wasa. To, wanne?

Fara duba jikinka. In kana da ƙarfin ƙugu da kafaɗa, gwada kokowa. Ba ta cin kuɗi: rairayi da abokin karawa sun isa. Lokacinta bayan kaka, sa'ad da hatsi ya shiga rumbu. Amma kar ka ruga cikin fili don ka ji ganga. Je wurin tsohon ɗan kokowa, ya fara koya maka yadda ake faɗuwa, kafin kamu. Wanda bai iya faɗuwa ba, shi ke karya hannu. A shekarar 1975 aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ci. Shi ya sa samari ke mafarkinta.

In jikinka marar nauyi ne, kama gudu. Fita bayan sallar asuba, tun rana ba ta yi zafi ba. Bi gefen gonaki, ka bar hanyar Matamaye, manyan motoci sun yi yawa.

Akwai langa kuma, sai dai tana wahal da gwiwa. Mai ciwon gwiwa ya fara zuwa likita.

Duk wanda ka zaɓa, wata na farko kwana uku a mako ya isa.