Ciyar da maguna masu ciwon mafitsara ba tare da kashe kuɗi da yawa ba

A gidan da ake kiwon maguna uku ko huɗu, da zarar ɗaya ta kamu da ciwon mafitsara, tsadar abincin da likitan dabbobi kan rubuta, irin su Royal Canin Urinary S/O ko Hill's c/d, ita ke fara tayar wa mai gida hankali.

Ba dole ne duk magunan su ci shi ba. A ware mara lafiyar a ɗaki daban lokacin cin abinci, sauran su ci nasu. 'Ya'yan mage da mai ciki ma bai dace da su ba.

Maganin da ya fi araha kuwa shi ne ruwa. Mage ba ta da yawan shan ruwa, shi ya sa fitsarinta ke yin kauri har tsakuwa ta taru. Ruwan da ke cikin busasshen abinci kusan kashi 10 cikin 100 ne, na gwangwani kuwa yakan kai 75 zuwa 80. Jiƙa busasshen da ruwa, da ajiye kwanukan sha a wurare daban-daban, kan taimaka matuƙa.

Sai dai a yi gwaji kafin a sayi komai. Tsakuwar sitiruvait abinci na narkar da ita, ta kalsiyam okzalet kuwa sai an ciro ta, galibi da tiyata.

Muzurun da ke yunƙuri fitsari bai fita, a garzaya da shi asibiti nan take; toshewar na iya kashe shi cikin kwana biyu zuwa uku.