AIKIN YAU DA KULLUM A HANYAR JIRGIN ƘASA TA FASINJA

Gabatarwa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, kuma a 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda jama'a suka fi sani da Reluwe. Yawancin abin da ake rubutawa a kan wannan fanni yana tsayawa ne ga ranakun da aka shimfiɗa dogo da kuɗin da aka kashe. Wannan maƙala kuwa za ta dubi aikin da ake maimaitawa kowace rana domin jirgin fasinja ya tashi daga wani gari ya isa wani lafiya, domin wannan aiki shi ne ke raya hanyar jirgi bayan an gama bikin buɗe ta.

Shirya Jirgi

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin fasinja su hallara a tasha, makanikai sun riga sun duba kan jirgi. Kan jirgi na dizal ba ya tura ƙafafunsa kai tsaye kamar mota. Injinsa yana juya janareta ne, wutar da janaretan ya bayar ita ke juya injinan lantarki da ke haɗe da ƙafafun. Saboda haka tilas a duba mai da baƙin mai da ruwan sanyaya inji, a kuma share matatar iska, musamman lokacin hunturu da ƙura ke toshe ta.

Daga nan sai masu duba taragu su bi jirgin daga kai har wutsiya. Suna duba mahaɗin da ke tsakanin taragu, da ƙafafu, da burki. Tsohuwar dabara ita ce a ƙwanƙwasa ƙafar tarago da guduma, domin ƙarar ƙafa mai tsagewa daban take da ta lafiyayya. Burkin jirgi kuwa yana aiki ne ta wani bututu da ya ratsa dukan taragu. An ƙera shi yadda in bututun ya tsinke, burki zai kama da kansa, don haka ba a sallamar jirgi sai an gwada an ga burkin taragon ƙarshe ya amsa.

Tafiyar da Zirga-zirga

Tsohuwar hanyar Legas zuwa Kano, mai tsawon kilomita 1,126, kusan dukanta layi ɗaya ne. Watau jirgin da ya fito daga kudu da wanda ya fito daga arewa dogo ɗaya suke bi, ba su iya wuce juna sai a tashar da ke da layi na biyu. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada jiragen biyu su shiga tsakanin tashoshi biyu a lokaci guda. Bisa tsohon tsari, shugaban tasha yakan nemi izinin tashar gaba, sannan ya ba direba wata alamar ƙarfe wadda ba a iya fitar da biyunta a lokaci ɗaya. Wannan ya sa jinkirin jirgi guda kan shafi sauran, domin wanda ya iso da wuri dole ya tsaya ya jira.

Kula da Dogo

Dogo yana kwance ne a kan matasai na katako, ko ƙarfe, ko kankare, su kuma matasan suna zaune cikin tsakuwa. Aikin tsakuwar shi ne ta rarraba nauyin jirgi, ta riƙe matasai, ta kuma bar ruwa ya tsiyaye. An raba hanya kashi-kashi, kowane kashi da ƙungiyar leburorinsa. Su ne ke bin dogo da ƙafa suna ɗaure ƙusoshin da suka kwance, suna cusa tsakuwa, suna nome ciyawa da yashe magudanan ruwa.

Kowane yanayi da irin ɓarnarsa. Da bazara ƙarfe yana miƙewa saboda zafi, shi ya sa ake barin ɗan gibi a mahaɗar dogo na tsohuwar hanya, in ba haka ba sai ya lanƙwashe. Da damina kuwa ruwa kan zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashinsa ya bar shi a rataye. Inda aka ga rauni, sai a umarci direbobi su rage gudu har a gyara. In aka bar irin waɗannan wurare suka yi yawa, tafiyar yini ɗaya sai ta koma ta kwana biyu.

Abin da Tarihi Ya Nuna

Da lalacewa ta yi wa Reluwe yawa, gwamnati ta ɗauko kamfanin RITES na ƙasar Indiya a 1979 ya riƙe ragamarta har zuwa 1982. Al'amura sun ɗan daidaita a wannan lokaci, amma bayan tafiyarsu ƙarancin kayan gyara da na kuɗi ya sake durƙusar da aikin, har jirgin fasinja na Legas zuwa Kano ya daina tafiya na shekaru. A watan Disamba na 2012 aka maido da shi bayan gyaran hanya, yana cin sama da awa 30 kafin ya iso.

A 2016 aka buɗe sabuwar hanyar Abuja zuwa Kaduna, daga Idu zuwa Rigasa, mai tsawon kilomita 186. Faɗin dogonta milimita 1,435 ne, na tsohuwar hanya kuwa 1,067, saboda haka ba a iya aron kan jirgi ko tarago daga wannan a kai wancan. Kowace hanya da nata kayan gyara. Har ila yau, sabuwar hanya ta zo da wasu ɗawainiyoyi. A 2021 aka soma sayar da tikiti ta intanet domin rage cuwa-cuwa a tasha. Ranar 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka fasa dogo da nakiya, suka kashe fasinja suka sace wasu, kuma jirgin bai koma aiki ba sai a Disamba na wannan shekara. Tun daga nan gadin hanya ya zama wani ɓangare na kula da ita, haɗe da hana ɓarayi kwance ƙarafan da ke riƙe dogo.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa shimfiɗa dogo aiki ne na 'yan shekaru, riƙe shi kuwa ba shi da ranar ƙarewa. Sabon tarago da sabuwar tasha suna ɗaukar ido, amma lebura mai ɗaure ƙusa da makaniki mai gwada burki su ne ke tsare ran fasinja. Tsohuwar hanya ta lalace ne a hankali, ƙusa bayan ƙusa, a shekarun da aka daina ware kuɗin gyara. Ba abin da zai hana sabuwar bin sawunta in aka yi mata irin wannan riƙo, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.