Idan wanda ake tuhuma da kisa ya ƙi magana a kotu, ya amsa laifi ke nan?

Wannan tambaya tana tasowa duk sanda aka yi babbar shari'ar kisan kai. A fadar mai gari, in aka ce ka yi abu ka sunkuyar da kai, an gama, mutane za su watse suna cewa shiru ma magana ce. Kotun gwamnati ba haka take lissafi ba.

Mu ɗauki abin da ya faru a Gezawa, jihar Kano. A watan Afrilun 2014 aka kama wata yarinya ƴar shekara 14 bisa zargin ta sa maganin ɓera a abinci, mijinta da wasu mutum uku suka mutu, kwanaki kaɗan bayan aure. Labarin ya zagaye duniya. Ranar 30 ga Oktoba aka karanta mata tuhuma a babbar kotun Gezawa, ba ta ce uffan ba. Alƙali Mohammed Yahaya bai ɗauki shirun nan a matsayin amsa laifi ba. Ya rubuta cewa ba ta amsa ba, wato dole masu gabatar da ƙara su kawo shaidunsu ɗaya bayan ɗaya, duk da ƴan sanda sun ce ta amsa musu tun farko. A 2015 gwamnatin Kano ta janye ƙarar, aka sake ta.

Dalilin yana cikin doka. Sashe na 36 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce ba a tilasta wa wanda ake yi wa shari'a ya ba da shaida. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƴancin jama'a da siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986, ita ma ta hana a tilasta wa mutum ya yi shaida a kan kansa. Wanda ya kawo zargi, shi ke da nauyin tabbatar da shi. Wannan ma ba baƙon abu ba ne gare mu, malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa mai da'awa ne ke kawo hujja.

To me zai sa wanda ya san bai yi ba ya kame bakinsa? A Najeriya, da ƙasashen da suka gaji tsarin Ingila, in wanda ake tuhuma ya zaɓi ya yi magana, yakan shiga akwatin shaida ya yi rantsuwa, daga nan lauyan gwamnati ya tasa shi gaba da tambayoyi. Manomin da bai taɓa shiga kotu ba, ga tsoro, ga tafinta a tsakani, ba wuya ya ce Talata yau gobe ya ce Laraba. Wannan ɗan saɓanin kaɗai sai a riƙe shi a ce maƙaryaci ne. Shi ya sa lauya, in ya ga shaidun gwamnati ba su da ƙarfi, yakan ce wa mutuminsa ya zauna kawai. Amma caca ce. In shaidun sun yi ƙarfi, kuma akwai abin da shi kaɗai zai iya bayyanawa, kamar cewa kare kansa ya yi, shirun ya bar alƙali da labarin ɓangare guda.

A nan Nijar tsarin Faransa muka gada, kuma da bambanci. Alƙalin bincike ne ke fara yi wa mutum tambayoyi, ranar shari'a kuma shugaban kotu ne da kansa ke tambayarsa, ba tare da rantsuwa ba. Yana iya ƙin amsawa, ba mai tilasta masa. Sai dai a gaban alƙalan da za su yanke hukunci yake yin shirun, ido da ido, ga kuma takardun abin da ya faɗa wa jandarma a gabansu. A ganinmu nan ne mutanenmu suka fi cutuwa: su yi ta zuba a ofishin jandarma ko na ƴan sanda babu lauya, su dangwala hannu a takardar Faransanci ko Turanci da ba su iya karantawa ba, sai an zo kotu su ce ba haka suka faɗa ba.

Kada kuma a ɗauka shiru laya ce. Hissène Habré, tsohon shugaban Cadi, ya ƙi amsa tambayar alƙalai a shari'arsa ta Dakar da aka buɗe a Yulin 2015, ya zauna da rawani da baƙin tabarau wata da watanni. Shaidu suka yi ta zuwa, ranar 30 ga Mayun 2016 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. A Amurka O.J. Simpson bai ba da shaida ba, aka wanke shi a 1995. Derek Chauvin, ɗan sandan da ya danne wuyan George Floyd, shi ma bai ba da shaida ba, aka same shi da laifi a 2021.

Wanda aka kama masa ɗan uwa, a Damagaram ne ko a Kano, abin da zai fara nema shi ne lauya, sannan ya tabbatar an karanta wa ɗan uwan nasa duk wata takarda da Hausa kafin ya sa hannu.