Jirgin Ƙasa Mai Shawagi: Yadda Ake Inganta Ɗaga Jirgi da Maganaɗisu

Gabatarwa

Babban abin da ke rage wa jirgin ƙasa gudu shi ne gogayyar ƙafafunsa da dogo da kuma turjiyar iska. Domin kauce wa ta farko, masana suka ƙera jirgin da ba ya taɓa dogo sam, sai dai ya yi shawagi a bisansa da ƙarfin maganaɗisu, wato mayen ƙarfe. Wannan maƙala za ta yi bayanin wata hanya ta ɗaga jirgi wadda ba ta buƙatar wutar lantarki wajen ɗagawar, tare da matsalolinta da yadda ake ƙoƙarin magance su.

Ire-iren Shawagi

Maganaɗisu yana da kai biyu, na arewa da na kudu. Kawuna iri ɗaya suna tunkuɗe juna, mabambanta kuwa suna jan juna. Mai karatu zai iya zaton da an jera maganaɗisu a dogo, an jera wani a gindin jirgi, magana ta ƙare. To amma tun a shekarar 1842 wani masani ɗan Ingila, Samuel Earnshaw, ya tabbatar da cewa maganaɗisai da ke zaune wuri ɗaya ba za su iya riƙe juna a iska daram ba. Dole ɗaya ya sulluɓe gefe ko ya kife.

Hanya ta farko ta warware wannan matsala za mu iya kiran ta "shawagi mai linzami". A nan kwamfuta ce ke auna tazarar da ke tsakanin jirgi da dogo, wadda ba ta wuce kimanin milimita 10 ba, tana ƙara wuta ko rage ta ba ƙaƙƙautawa. Irin wannan ne jirgin birnin Shanghai na ƙasar Sin, wanda ya fara jigilar fasinja a 2004 a kan hanya mai tsawon kilomita 30. Hanya ta biyu kuwa ita ce "sakakken shawagi", inda motsin jirgin da kansa yake haifar da ƙarfin da ke ɗaga shi. Jirgin gwaji na Japan da ya yi gudun kilomita 603 cikin awa ɗaya a 2015 yana cikin wannan rukuni, sai dai maganaɗisansa na buƙatar a sanyaya su zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri, wanda aiki ne mai tsada.

Yadda Sakakken Shawagi Yake Aiki

Gani ya kori ji. A samu bututun jan ƙarfe a tsayar da shi, a saki ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfi a cikinsa. Maimakon ya faɗo nan take, sai a ga yana saukowa a hankali kamar ana riƙe da shi, alhali maganaɗisu ba ya kama jan ƙarfe. Dalili shi ne, idan maganaɗisu ya gitta kusa da ƙarfe mai ɗaukar lantarki, yakan haifar da wuta a cikinsa, kamar yadda Michael Faraday ya gano a 1831. Ita kuma wannan wutar sai ta haifar da nata ƙarfin maganaɗisu mai adawa da motsin da ya jawo ta.

A kan wannan ka'ida Richard Post, masani a cibiyar bincike ta Lawrence Livermore da ke Amurka, ya gina tsarin da ya kira Inductrack a shekarun 1990. Ya sa maganaɗisai na dindindin a gindin jirgi, waɗanda ba sa buƙatar wuta ko sanyaya, ya kuma shimfiɗa zobban waya a jere a kan hanya. Jirgin yana tashi a kan ƙananan tayu, da ya ɗan ɗauki gudu sai zobban su tunkuɗe shi sama. In ya yi ƙasa da yawa tunkuɗar ta ƙaru, in ya yi sama ta ragu, saboda haka shi yake daidaita kansa. Wutar lantarki tana nan da aikinta, amma na tura jirgin gaba ne kawai. Ko da wuta ta ɗauke ana tsakiyar gudu, jirgin ba zai faɗo ba; zai riƙa rage gudu har ya sauka a kan tayunsa.

Hanyoyin Ingantawa

Ta farko ita ce jeren maganaɗisai. Post ya ari wani tsari da Klaus Halbach ya ɓullo da shi wajen 1980, inda ake juya kowane maganaɗisu da digiri 90 daga na kusa da shi. Wannan jeri yana tattara kusan duk ƙarfin a ɓangaren da ke fuskantar hanya, ɓangaren fasinja kuwa ya zama kusan babu komai. An samu ƙarin ɗagawa ke nan ba tare da ƙarin nauyi ba.

Ta biyu ita ce rage turjiya. Wutar da ke ɗaga jirgi ita ce kuma ke ɗumama wayar hanya, ta riƙa jan jirgin baya. Abin mamaki, wannan turjiya ta fi tsanani lokacin da jirgi ke tafiya sannu, tana raguwa yayin da gudu ya ƙaru. Domin rage ta, ana amfani da waya mai siraran silalai da aka kitse kamar igiya, ko kuma fallayen ƙarfe da aka ɗora kan juna. A tsari na biyu na Inductrack an sa jeri biyu, ɗaya a saman hanya ɗaya a ƙarƙashinta, ta yadda za a rage wutar da ke tafiya a banza. Kamfanin General Atomics ya gwada wannan tsari a kan hanyar gwaji mai tsawon mita 120 a birnin San Diego.

Ta uku ita ce hana rawa. Ƙarfin maganaɗisu tamkar katifar roba yake: in jirgi ya haɗu da rashin daidaito a hanya, zai yi ta tsalle sama da ƙasa, babu abin da zai kwantar da shi da wuri. Don haka ake ƙara na'urorin shanye girgiza, wasu ma masu aiki da kwamfuta. A nan gizo ke saƙa, domin duk na'urar da aka ƙara tana rage sauƙin da aka ƙirƙiro tsarin dominsa.

Ta huɗu ita ce tsada. Maganaɗisan da ake amfani da su ana yin su ne da wani ma'adini mai suna niyodimiyam, kuma ƙasar Sin ce ke samar da mafi yawansu a duniya. Haka nan, dole a shimfiɗa waya a kowace mita ta hanya, ga shi jirgin ba zai iya hawa tsohon dogo ba.

Kammalawa

A 2016 kamfanin Hyperloop Transportation Technologies ya sanar da cewa ya karɓi izinin amfani da Inductrack domin jirgin da zai yi gudu cikin bututun da aka zuƙe wa iska. Duk da haka, har yanzu babu wata hanyar fasinja da ke aiki da wannan tsari. Masana sun riga sun nuna cewa motsi kaɗai ya isa ya ɗaga jirgi. Abin da ya rage shi ne a samu hanyar da turjiyarta kaɗan ce, wadda fasinja zai zauna ba girgiza, kuma wadda kuɗin gina ta ba zai fi ƙarfin masu biyan kuɗin tikiti ba.